Ciwon da Aka Ɓoye Min Har Wa'adi Ya Wuce

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Adamu, ina zaune a Ƙuba cikin Madina, iyayena Hausawan Chadi ne. Ban yi boko ba, kuma ba ni da yawan magana. Zan faɗi abin da ya same ni ne don duk wanda ya taɓa aikin rusau, ko yake da mai yi a gidansa, ya ji. An yanke min wani ɓangare na huhun dama. Ina raye. Amma diyyar da ya kamata kamfani ya biya ni, wadda ita kaɗai zan iya bar wa matata da 'ya'yana, tana neman kuɓucewa. Mutanen da suka fi kowa ƙaunata ne suka ɓoye min sunan ciwona har wa'adin kai ƙara ya wuce.

Na daɗe ina aikin rusau a wata sharika da ba zan kira sunanta ba. Mu ne muke shiga tsofaffin gidaje da masaukan baƙi kafin katafila ta zo. Mu cire ƙofofi da wayoyi, mu sauke rufi. Akwai wani irin rufi mai kama da kwano amma na siminti, toka-toka, in ya tsufa yana marmashewa a hannu. Akwai kuma bututun ruwan zafi da aka naɗe da wani farin abu kamar auduga. Da guduma muke fasa su, wanda ya ƙi mu sa masa injin yanka. Ƙurar takan tashi ta tsaya a ɗaki tana ƙyalli a hasken taga. Mu ɗaure hanci da ƙyalle, in zafi ya yi yawa mu kwance. In an tashi aiki kowa ya sayi laban, wato kindirmo, mai sanyi ya sha, wai yana wanke maƙogwaro. Haka muka samu ana yi.

Tari ne ya fara zuwa, busasshe. Sai numfashi ya fara gajarta. Benen da nake hawa da buhu a kafaɗa ya zama sai na tsaya a tsakiya na dafa bango. Bayan ƙaramar Sallah mudir, wato shugaban sharikar, ya kira ni ofis ya ba ni shayi.

"Ya Adam, ka gaji. Je ka huta, ka yi mana ƙoƙari."

Ya ba ni kuɗin sallama, muka yi musabaha. Har godiya na yi masa. Daga wannan ranar aka fara ƙirga min wa'adi, ban sani ba.

Yayana Abakar yana da shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Sultana. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ya aurar da ni. Ya yi ta zirga-zirga har aka mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamana, wajen kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, don kada ta mutu a kore mu. In ba don shi ba da tuni muna Injamena ba magani.

Makonnin farko a ƙaramin asibitin unguwa suka ƙare. Maganin tari na kwalba, sai ƙwayoyi, sai wasu ƙwayoyin. Kowa da shawararsa. Maƙwabcinmu ya ce zuma da habbatus sauda. Gwaggonmu ta kira daga gida ta ce sammu ne, wani ne ke baƙin cikin ina Madina, ta aiko da turare da wasu saiwoyi ta hannun masu Umra. Na sha Zamzam, na ci dabinon ajwa da safe. Ban raina ko ɗaya ba, amma tarin bai ji ba. Daga baya aka ce ko tibi ne. Hawwa matata ta ware min kwano da kofi tana kuka. Gwaji ya fito ba tibi ba ne, aka mayar da kwanona cikin sauran. A haka wata ya bi wata. Wandona ya fara zamewa. Wata rana ina alwalar Asuba na kurkure baki na tofar, na ga ja a cikin farin kwanon wanke hannu.

Sai aka tura mu babban mustashfa, wato babban asibiti. Can layi ne a kan layi. Ka ɗauki lamba ka jira, a ba ka wata ranar, ka dawo a ce inshorarka ba ta ɗauki wannan gwajin ba, Yaya ya je ya yi magana, ya dawo da wata takarda. An sa ni cikin babbar na'urar hoto. An zura min siririn tiyo ta hanci aka gutsuro wani abu daga ciki. Larabcina na wajen aiki ne: ɗauko, ajiye, yalla, gobe. Larabcin likitoci da Turancinsu ba na kama su. Yaya ne bakina da kunnena.

Ranar sakamako ya ce in zauna a benci, bari ya ga ko an zo kanmu. Ya daɗe a ciki. Da ya fito idonsa ja, ya ce sanyin wajen ne.

"Me suka ce, Yaya?"

"Ruwa ne ya taru, da wani ɗan ƙari. Za su cire, khalas."

"Ƙari wane iri?"

"Ka zama likita ne? Tashi mu je, mota na rana."

A wajenmu ba a faɗa wa mara lafiya cewa ciwonsa mai kisa ne. Wai in ya ji zai saki jiki ya tafi tun kafin ciwon ya kai shi. Manya ne ke riƙe maganar, su yi ta ce masa da sauƙi har ranar da za a yi masa wanka. Haka aka yi wa mahaifinmu, kowa ya yaba. To ni ma haka aka yi min. Yaya ya roƙi likita kada ya ambaci sunan a gabana, ya sa Hawwa ta rantse. Ni kaɗai ne a gidan ban san abin da ke ƙirjina ba.

Aka yi aikin. Na farka da tiyo a haƙarƙarina yana zubar da ruwa mai jini cikin wata roba a ƙasan gado. In na yi tari ji nake kamar ana yaga ni. Ma'aikatan jinya sun kula da ni, Allah ya saka musu. Akwai wata da ke tilasta min hura wata roba mai ƙwallaye a ciki, in na ƙi ta tsaya a kaina har sai na hura. Na ji haushinta a lokacin, yanzu ina yi mata addu'a. Da muka koma gida Hawwa ce ke juya ni, ta goge min jiki, ta tara min roba in tofa, ta dama min kunu ba ƙulli ko ɗaya. Ban taɓa jin ta yi tsaki ba. Wata rana na ga hannunta ba awarwaron zinaren aurenta. Ban tambaya ba. Yaya ma ya sayar da motarsa ta ɗaukar kaya, ya koma wata tsohuwa da ba ta tashi sai an yi mata lallashi. Mutanen masallacinmu sun yi karo-karo ba sau ɗaya ba. Duk wannan na sani, kuma ba zan manta ba.

Mudir ya zo dubiya da katan ɗin dabino. Ya riƙe hannuna ya ce ni ɗan'uwansa ne. Da zai tafi Yaya ya raka shi, suka daɗe a ƙofar gida suna magana ƙasa-ƙasa. Na ɗauka gaisuwa ce.

Bayan ciwon aikin ya rufe aka fara wani ƙarin ruwa, duk bayan 'yan makonni. Yaya ya ce na wanke jini ne. Makon da aka yi shi ba na iya cin komai, ruwa ma ɗanɗanon ƙarfe yake min. Mako na biyu baki ya yi gyambo. Na uku in ɗan farfaɗo, sai a sake. Gashin kaina ya zube, na gemu ya biyo. Na yi zargi. Na tambayi Hawwa ta ce, "Baban Zainab, ka ci abinci tukuna." Na tambayi Yaya ya yi min tsawa kamar ina yaro. A ɗakin jira kullum ɗayansu na gefena, in wani ya fara ja na da hira sai su katse.

Aka yi azumi ina kwance, aka yi Sallah, aka shiga watan Hajji. Ran nan muna zaune a layi aka zo aka ce mai tsohuwar mota ya tare hanya. Yaya ya fita da sauri. Wani dattijo a kusa da ni, Bahaushen Sudan, kansa tal kamar nawa, ya ji muna Hausa, ya matso.

"Sannu ɗan'uwa. Kai naka a ina yake? Ni a hanji."

"Mene ne a ina?"

"Saraɗan mana. Ciwon daji. Ko shayi ka zo sha a nan?" Ya yi dariya har da tari. Da ya ga fuskata dariyar ta tsaya. Ya dubi ƙofar da Yaya ya fita, ya ce, "La haula. Ba su faɗa maka ba. Ka yafe min, bakina ne."

Na ce ba komai. Yaya ya dawo, aka kira mu, aka sa min ruwan. Ina kallonsa yana ɗiga har ya ƙare.

Akwai wani likita ɗan Kano, Dokta Bashir, da muke sallah tare. Ba shi ke duba ni ba, amma na san Yaya yana kai masa takarduna. Da na samu ƙarfin tafiya na tare shi bayan La'asar.

"Likita, ciwon daji gare ni. Na sani. Faɗa min sauran."

Ya zaunar da ni a jikin ginshiƙi. Ya ce wannan rufin da farar audugar da muke fasawa sunansu asbestos. Ƙurarsu tana da wasu zaruruwa da ido ba ya gani, in sun shiga huhu ba sa fita. Su zauna shiru shekara da shekaru, sannan su tashi. Ya ce likitocina sun rubuta sun ga alamarsa a huhuna. Wannan kalmar ta zauna min, asbestos. Na kwana ina maimaita ta.

"Malam Adamu, wannan ciwon aiki ne, kana da haƙƙi a kan sharikar. Tun kafin a yi maka aiki na ce wa Alhaji Abakar ya nemi lauya da gaggawa, domin abin yana da wa'adi. Ba ku shigar da ƙara ba?"

"Ban san da maganar ba. Me ya hana ka faɗa min ni?"

Ya sunkuyar da kai. "Babban gidanku ne ya roƙe ni. Na ga ba hurumina ba ne. Yaushe ka bar aikin?"

"Bayan ƙaramar Sallar bara."

Ya cire tabarau ya goge. Wannan ya fi duk abin da ya faɗa tsorata ni.

Na samu Yaya a shago yana kwance wata na'ura. Na tsaya a kansa.

"Yaya, ka je wajen lauya?"

Ya ajiye abin hannunsa. Bai yi musu ba. Ya ce ya je tun farko. Lauyan ya ce ba a shigar wa mutum ƙara yana raye da hankalinsa sai ya ba da wakala da kansa, kuma dole a karanta masa abin da ake nema da dalilinsa.

"In kai ka a karanta maka saraɗan a gabana, ana gobe za a yanka ƙirjinka? Na je wajen mudir. Ya ce ba sai an je mahkama gaban alƙali ba, mu 'yan'uwa ne, zai gyara. Ya ce bayan azumi. Ya ce bayan Hajji."

"Ya rubuta maka?"

"Mutumin da ya zo har gidanka dubiya zan ce ya rubuta?"

"Haƙƙin Zainab da ƙannenta ne, Yaya."

"Rayuwarka na duba!" ya ce da ƙarfi, har maƙwabcin shagon ya leƙo. "Kana tsaye kana min magana, ko ba ka tsaye?"

Ina tsaye. Wannan gaskiya ne.

Ofishin lauyan yana Anbariyya, hawa na biyu. Na hau ina hutawa. Ya duba takardar sallamata, ya duba na asibiti, ya ɗauki lokaci kafin ya ɗago. Dokta Bashir ne ya yi min tafinta. Abin da na riƙe daga bakinsa shi ne wannan, ni ba lauya ba ne, kowa ya tambayi nasa. Ya ce ƙofa biyu ce. Ta farko ofishin inshorar ma'aikata, can ana so a kai rahoton ciwon aiki da zarar an gano shi, kuma ya bincika ya ga sharikar ba ta sa sunana a can ba. Ta biyu kotun ma'aikata, ita kuma ba ta sauraron ƙara in an wuce shekara ɗaya da rabuwa da aiki. Na wuce da 'yan makonni. Saura hanya biyu: ko mudir ya amsa da bakinsa cewa ina da haƙƙi, ko in kawo uzurin da alƙali zai karɓa.

Mudir ya daina ɗaukar waya. A zaman sulhu lauyan sharikar ne ya zo. Bai ce ba su sa ni fasa asbestos ba, bai ce huhuna lafiya yake ba. Abu ɗaya ya faɗa: lokaci ya wuce.

Uzurina shi ne ban san ciwona ba. Lauya ya ce sai wanda ya ɓoye ya zo ya faɗa a gaban alƙali. Yaya ya ce ba zai je ba. Da furfurarsa, ya tsaya ya ce ya yi wa ƙanensa ƙarya? Ban roƙe shi ba. Hawwa ta ce ita za ta faɗa. Ranar zaman, muna ofishin lauya gaban wani babban allon kwamfuta, domin yanzu ta nan ake ganin alƙali, sai ga Yaya ya shigo da farar jallabiya ta Juma'a. Bai dube ni ba. Ya zauna, ya faɗi komai da Larabcinsa mai kyau: yadda ya roƙi likita, yadda ya rantsar da Hawwa, yadda ya ce min ruwa ne.

Lauyan sharikar ya ce mutumin da aka buɗe ƙirjinsa, gashinsa ya zube, ya yi watanni yana zuwa sashen masu wannan ciwon, ba zai ce bai sani ba. Ya ce kuma ɗan'uwansa da ke tafiyar da al'amuransa ya sani, har lauya ya gani tun wa'adi yana da saura.

Alƙali ya tambaye ni ko na taɓa tambayar likita da kaina. Na ce a'a, Yayana nake tambaya. Ya tambayi Yaya ko wani ne ya tilasta masa yin shiru. Yaya ya ce babu, al'adarmu ce, kuma in yau aka mayar da shi baya haka zai sake yi. Lauyana ya rufe ido.

Alƙali mutum ne mai natsuwa, ya yi min addu'ar samun lafiya. A zama na gaba ya yanke cewa ba za a saurari ƙarar ba saboda wa'adi ya wuce. Ba a kai ga maganar huhuna ba ko kaɗan.

Ga abin da nake so ku ji, ku 'yan rusau da masu cire tsohon rufi da bututu, da waɗanda suka bari tun da daɗewa suna ganin sun tsira. Wannan ƙurar ba ta gaggawa, amma wa'adin kotu gajere ne. In tari ya ƙi tafiya ku je a ɗauki hoto, ku gaya wa likita aikin da kuka yi. Ku shiga ɗakin likita da ƙafarku, ku nemi mai tafinta da ba ɗan gidanku ba. Ranar da kuka ji sunan ciwon, a makon ku ga lauya. Kada ku jira alkawarin baki, ko da mai alkawarin ya zo da dabino. Ku kuma masu jinya, na san don ƙauna kuke ɓoyewa. Amma akwai abin da ba wanda zai iya yi wa mara lafiya sai shi, kuma ba zai yi ba in bai sani ba.

Lauya ya ce akwai ɗaukaka ƙara, shi ma wa'adinsa kusan wata ɗaya ne, kuma bai yi min alkawarin komai ba. A cikin wannan watan ranar hotona na bibiya ta zo. Na ce wa Yaya ya zauna a benci. Na shiga da Dokta Bashir. Likitar da ke duba ni ta juya min allon ta nuna da biro. Akwai wata inuwa a huhun hagu, ƙarama. Ta ce sai an sake gwaji kafin a san ko mece ce.

A mota Yaya bai tambaye ni ba, ya kama sitiyari da hannu biyu har Ƙuba. Hawwa ta kawo abincin rana, na ce ta zauna. Na faɗa musu yadda aka faɗa min, ban rage ba. Hawwa ta sa gefen mayafi a baki. Yaya ya janye hannunsa daga faranti.

"Likitoci suna kuskure, Adamu. Insha Allahu ba komai ba ne."

"Insha Allah. Amma gobe da safe za ka kai mu ofishin lauya in ba Hawwa wakala. In na kwanta, ita za ta bi ƙarar. Kuma duk abin da likita ta faɗa daga yau, ni za a fara faɗa wa."



"Ƙarfe nawa suke buɗewa?" Yaya ya ce.

Mun je. An karanta min komai da sunansa, na sa yatsa. Lauya ya shigar da ɗaukaka ƙarar da sauran kwanaki a hannu. Yanzu abu biyu nake jira, amsar kotu da amsar gwaji, ban san wadda za ta riga zuwa ba. Wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, ya sa Hawwa, ya sa Yaya Abakar. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.